Wa zai gano ciwon ƙwaƙwalwar yaron ƙauye?

A ƙauyukan Kano da Jigawa, yaron da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya isa gaban wanda ya karanci ƙwaƙwalwa, in ma Allah ya sa ya isa. Kaka ce ke farawa da tofi da hayaƙi. Daga nan sai malamin unguwa, ya yi rubutu ko ruƙiyya. In abin ya dawo a nufi mai kemis na bakin kasuwa, ya yi allurar zazzaɓi, ya ƙullo ƙwayoyi a leda. Ga yawancin iyaye asibitin sha-ka-tafi ne zangon ƙarshe, domin daga nan sai maganar mota zuwa Dutse ko Kano, wadda sai an ɗaga akuya ko buhun gero. Duk waɗanda yaron ya bi ta hannunsu lafiyarsa suke nema. Abin da suka rasa shi ne hanyar bambanta wannan jijjiga da waccan, alhali a kan wannan bambancin magani ya rataya.

Jijjigar da zafin jiki kawai ke kawo wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yawanci cikin 'yan mintoci take wucewa, ba ta barin illa, ba ta kuma buƙatar maganin kullum. Wadda zazzaɓin cizon sauro ya hau kai ya kawo tana iya tafiya da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu in bai sami allurar artesunate ba. Ta sanƙarau maganinta daban ne, kuma jinkirin yini guda yana iya cinye jin yaro ko ransa. Akwai wadda sukarin jini ne ya faɗi, gwajinta ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Sannan ga farfaɗiya, mai tashi ba tare da zazzaɓi ba, ta lafa ta dawo, wadda ke son magani kullum na aƙalla shekara biyu. A idon uwa kuwa duk abu guda ne: ido ya kakkafe, haƙora sun datse, kumfa na fita.

Likitancin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yara ya yi nisa ƙwarai cikin shekaru 30 da suka wuce, kuma da zarar an ambaci wannan ci gaba sai hankali ya tafi kan manyan na'urorin da ke cikin ɗaki mai sanyi a asibitin koyarwa. Suna da amfani, ba na musu. Amma ci gaban da nake ganin zai taɓa yaron Birniwa ko na Doguwa wani ne daban: yadda aka koyi ɗebo wani sashe na aikin ƙwararren likita, aka mayar da shi tambayoyi tsararru da ƙananan kayan aiki, aka damƙa wa ma'aikacin lafiyar da ke kwana a garin. Wasu daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan hanya a Kano aka yi su, da yaranmu. Sai dai har yanzu yawancin aikin a birni ya tsaya.

Mu fara da farfaɗiya, don ita ta fi yawa, ita kuma aka fi ɓoyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Har kashi 70 cikin 100 na iya rayuwa babu faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun maganin. A ƙauye wannan giɓi yana da kamanni da muka sani: yaro mai tabon ƙuna a hannu don ya faɗa murhu, yarinyar da aka hana zuwa rijiya da kududdufi, wanda aka cire daga makaranta aka ware masa kwano don ana jin yawunsa na yaɗa ciwon. Yawun ba ya yaɗa komai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne da labari ake gano farfaɗiya. Babu gwajin jinin da ke nuna ta. Ƙwararren likita tambaya yake yi: me yaron ke yi kafin abin ya zo, barci yake ko wasa, ya yi wani kuka, ta wane gefe jijjigar ta fara, kai ya juya ta ina, minti nawa ta ɗauka, ya yi fitsari, da ya farfaɗo ya gane mutane ko barci ya ɗauke shi. Matsalar ita ce wadda ta ga abin da idonta ita ce uwar, ita kuwa a lokacin hankalinta ba ya jikinta, kuma sau da yawa ba ita ke zuwa asibiti ba, uban ne ko kawu. Sai ka ji amsar ba ta wuce, "Malam, jiya ma ta tayar masa."

Wayar hannu mai kyamara ta rage wannan matsala fiye da yadda ake zato. Bidiyon minti ɗaya da aka ɗauka lokacin da abin ke faruwa yakan nuna wa wanda ya san aikin abin da bayanin rabin awa ba zai nuna ba, kuma likitocin wannan fanni a ko'ina yanzu suna neman iyaye su ɗauka. Da shi ake ware farfaɗiya daga suman da yaro ke yi in ya yi kuka ya riƙe numfashi, da kuma faɗuwar da damuwa ke kawo wa 'yan mata masu tasowa, wadda maganin farfaɗiya ba ya yi mata komai. Yadda ya kamata a yi shi ne mutum ɗaya ya kwantar da yaron ta gefe, ya janye shi daga wuta da ruwa, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Wani kuma ya ɗauki dukkan jiki da fuska a wuri mai haske. In jijjigar ta wuce minti 5, a bar waya a nemi abin hawa. Ina so in ja hankali a kan abu ɗaya: wannan bidiyo amana ce tsakanin gida da asibiti. In ya faɗa cikin zauren WhatsApp na unguwa, yarinyar da ke cikinsa za ta biya kuɗinsa ranar da aka zo neman aurenta, kuma sauran iyaye ba za su ƙara yarda su ɗauka ba.

Gwajin EEG, mai ɗaukar motsin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke yi, ya kai shekara 100. Bajamushe Hans Berger ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a 1924. Ana manna wa kai ƙananan wayoyi kusan 20, a ɗauki minti 20 zuwa 30, babu zafi, babu wutar da ke shiga jikin yaro. Sabon abu a nan shi ne na'urar ta ƙanƙance. Akwai masu aiki da batir, masu hular da aka riga aka jera wa wayoyin, waɗanda ke shiga jakar goyo, a ɗauki gwajin a Gumel a tura ta intanet wani ya karanta a Kano ko a wata ƙasa. Wanda zai ɗauka ba sai likita ba, ma'aikaci ne da aka horar na wasu watanni. Shi ne zai san sai an tsefe kitson yarinya an wanke kai ba a shafa mai ba, ya kuma san yadda ake lallashin ɗan shekara biyu har ya yi barci.

Amma kada a ɗora wa EEG abin da ba zai iya ɗauka ba. Kusan rabin masu farfaɗiya ta gaske gwajinsu na farko ba ya nuna komai, don ciwon ba kullum yake motsi ba. A ɗaya gefen kuma, wanda bai ƙware da karanta na yara ba yana iya ganin layukan da barci ko ƙuruciya ke kawowa ya ce ciwo ne, a ɗora lafiyayyen yaro a kan magani shekara da shekaru, a kuma liƙa masa sunan da zai bi shi har girma. Sayen na'ura ba tare da tanadin mai karantawa ba ɓarna ce ta kuɗi da ta yara.

Inda gwajin ke da tasiri sosai shi ne wajen sanin irin farfaɗiyar, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda yaro ba ya faɗuwa sam. Yana cikin karatun allo ko yana aji sai ya ƙame na daƙiƙa 10, ido a buɗe, ya dawo kamar ba a yi komai ba, a yini a yi haka sau da yawa. Irin wannan yaro bulala yake sha a kan rashin mayar da hankali. Ma'aikacin da aka koya wa zai sa shi ya yi ta hura takarda na minti 3, sau da yawa abin ya zo a gabansa, EEG kuma ya tabbatar. Muhimmancin sanin haka shi ne carbamazepine, wanda yana cikin magungunan da aka fi samu a kemis, ƙara tsananta wannan iri yake yi. Akwai kuma ta jarirai, yawanci tsakanin wata 3 da shekara 1, inda yaro ke dunƙulewa farat ɗaya, kai ya sunkuya, hannuwa su ware, sau da yawa a jere, musamman in ya tashi daga barci. A gida ciwon ciki ake ce mata, a yi ta ba shi jiƙo. Wannan ta fi kowace gaggawa, don kowane mako da ya wuce ƙwaƙwalwar na ci baya, maganinta na farko kuwa prednisolone ne, ƙwaya mai araha da ke kusan kowane gari.

Wannan ilimi ne aka yi ƙoƙarin sauko da shi ƙasa a wani babban bincike mai suna BRIDGE, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da wasu abokan aiki suka gudanar. An tsara tambayoyin tantance farfaɗiya da Hausa, aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano ciwon, su fara magani, su bi yaro, a ƙananan asibitoci 60 na Kano da Zariya da Kaduna, aka kwatanta aikinsu da na likitoci tsawon shekara biyu. Dubban yara aka tantance, kuma a cikin unguwannin birni, kusa da manyan asibitoci, aka yi ta samun waɗanda ba su taɓa shan maganin asibiti ba. In haka birni yake, sai mutum ya auna yadda Guri ko Kirikasamma za su kasance da damina, lokacin da ruwa ke raba gari da titi.

Labarin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa na masu amosanin jini ne, wato sikila. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ciwon, kimanin 150,000 a shekara. Kowa ya san ciwon ƙashi da ƙarin jini, amma kaɗan ne suka san yaro ɗan shekara 6 na iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki irin ta tsofaffi. In ba a yi rigakafi ba, kusan 1 cikin 10 na masu sikila nau'in SS na gamuwa da ita kafin su kai shekara 20. Ana iya hango ta kafin ta zo. Ciwon na matse manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, jini kuma in hanyarsa ta matse gudunsa ƙaruwa yake, kamar ruwan tiyon mai noman rani in ya danne bakinsa da yatsa. Na'urar TCD, dangin wadda ake yi wa masu ciki hoto da ita, ana ɗora kanta a gefen kai gaban kunne ta auna wannan gudu. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara.

Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna ƙarin jini duk wata na rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. Amma wane magidanci ne a Sumaila zai iya neman leda guda ta jini mai tsabta duk wata har shekaru? Likitocin Kano, cikinsu da Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Vanderbilt, sun gwada ƙwayar hydroxyurea a madadin jini. A binciken SPRING da aka wallafa a 2022, yara 220 na Kano da Kaduna masu gudun jini mai haɗari aka raba gida biyu, wasu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. A duka ɓangarorin shanyewar ta yi ƙasa ƙwarai in aka kwatanta da abin da aka sani game da yaran da ba a yi wa komai ba, kuma ƙaramin awon bai gaza babban ba, abin da ke nufin kuɗin magani ya ragu. Abu na biyu da aikin ya nuna shi ne riƙe na'urar ba sai babban likitan hoto ba. An koya wa nas-nas da ƙananan likitoci, aka auna aikinsu da na ƙwararru kafin a sake su. Ƙa'ida ita ce a auna kowane yaro mai SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Na'urar tana shiga bayan mota. Ban ga dalilin da zai hana a riƙa zagayawa da ita manyan asibitocin Haɗeja da Kazaure da Ringim da Rano da Bichi a ranaku sanannu ba. Sai dai kafin nan dole a san wa ke da ciwon, kuma a ƙauye yawanci sai yaro ya sha wuya ake gwada jininsa, alhali yanzu akwai ɗan gwajin ɗigon jini mai ba da amsa cikin mintoci.

Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai yana da nasa tarkon. A watan Agusta da Satumba yara da yawa a yankinmu na ɗauke da ƙwayar cutar a jini ko da lafiyarsu ƙalau, don haka in an kawo yaro a sume gwajin ya nuna akwai ta, ba lalle ita ta sumar da shi ba. A Malawi, binciken gawarwakin yara da aka wallafa a 2004 ya gano kusan 1 cikin 4 na waɗanda aka ce wannan ciwo ne ya kashe su, wani abu ne daban. Daga can aka koyi duba bayan ido da fitilar likita: in zazzaɓin ne da gaske, akwai farare-farare da ɗigon jini da sauyin launin jijiyoyi da ake gani. Yanzu akwai irin wannan fitila ƙarama mai cajin hasken rana. In ido bai nuna komai ba, sai a ƙara neman sanƙarau da sauransu, a ɗebi ruwan baya a gwada. Iyaye da yawa na tsoron wannan allura ta baya, suna cewa ita ke gurgunta yaro ko ta kashe shi. Abin da ke faruwa shi ne yaran da ake yi wa ita su ne waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, sai laifin ciwon ya koma kan allura. Wanda ya tashi daga irin wannan suma kuma bai gama da asibiti ba. Wasu farfaɗiya ke biyo baya, wasu kurumta, wasu sauyin hali, kuma da wuya a ce wa uwa ta dawo da shi bayan wata guda a duba.

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, ita ma ta fara ƙanƙancewa. Akwai na'ura mai tayoyi da ake turawa gefen gado, mai ƙarfin maganaɗisu 0.064 a ma'aunin tesla maimakon 1.5 na manyan na'urori, wadda ke aiki da soket na bango, an kuma yi aiki da ita a kan yara a Blantyre ta Malawi. Hotonta bai kai na babbar kyau ba, amma yana nuna kumburi da taruwar ruwa. Ga jariri kuwa akwai abin da ya fi sauƙi: muddin maɗiga ba ta rufe ba, na'urar hoton ciki da ke babban asibiti na iya leƙa ƙwaƙwalwarsa ta nan. Ƙasa da wannan ma akwai tef ɗin tela. Kan jariri wajen santimita 35 yake a haihuwa, kuma in ana auna shi duk zuwan rigakafi ana rubutawa a kati, za a ga taruwar ruwa a kai tun ba ta kai inda kowa zai gani daga nesa ba.

Yawancin yaran da ake kira masu galahanga, waɗanda wuyansu bai tsaya ba, ba su zauna ba, jiki a sanƙare ko a sake, a makon farko na rayuwa abin ya same su: doguwar naƙuda da ta hana su numfashi, ciwon da ya shiga jini, ko shawara. Ta shawara ce ta fi ci mini rai, don kusan duk ana iya kauce mata. Tana fitowa tsakanin kwana 2 da 7, daidai lokacin da mai jego da jaririnta ke cikin ɗaki mai duhu ana shirin suna. Yara maza da yawa a nan na da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma kafur ɗin da ake sakawa cikin kayan jariri na fasa musu jini, shawarar ta yi sama ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ungozomar da aka koya wa fito da jariri haske kullum ta duba ido da dasashi, ta danna hanci ta ga launin fata, ta yi rabin aikin. Sauran rabin na asibiti ne: na'urar da ake ɗorawa a goshi ta auna shawara babu tsaga, da fitilar shuɗin haske mai aiki da sola. Ga waɗanda abin ya riga ya taɓa, da sai yaro ya kai shekara biyu bai yi tafiya ba ake tabbatarwa. Ƙa'idojin da ƙwararru suka fitar a 2017 sun nuna ana iya ganewa kafin wata 6, ta hanyar gwajin jiki mai maki da bidiyon minti 3 zuwa 5 na jariri kwance yana motsinsa tsakanin wata 3 da 5. Ganewa da wuri na sa a fara gashi da motsa jiki lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓa, yana kuma ba uwa amsa kafin maƙwabta su ba ta tasu, su ce ɗan ruwa ta haifa.

Gwajin ƙwayoyin gado kuwa, wanda a Turai ya sauya yadda ake gano cututtukan jarirai masu wuyar sha'ani, yana da amfani gare mu saboda yawan auren zumunci, amma tsadarsa ta sa ba shi ne abin fara nema ba yanzu.

Duk abin da na lissafa mutum yake buƙata, kuma a nan lissafin ke da nauyi. Kafin a sami likitan ƙwaƙwalwar yara guda: shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta bautar ƙasa, 5 zuwa 6 ta ƙwarewa a fannin yara, sannan ƙarin horo a kan ƙwaƙwalwa, wanda wasu ke zuwa yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu ƙarƙashin shirin horar da likitocin yara na Afirka. Wajen shekara 15 ke nan, kuma ranar da ya gama Saudiyya da Ingila na zawarcinsa. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27. Ko 'ya'yan da ake goyo yanzu ba za su ga ranar da kowace za ta sami nata ba. Shi ya sa horon ya sauya salo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don koya wa waɗanda ba ƙwararru ba kula da farfaɗiya da makamantanta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Birtaniya ta tsara kwas na yini ɗaya a kan farfaɗiyar yara, wanda yanzu likitocin Afirka ke koyar da shi a ƙasashe da dama. Nijeriya ma tun 2014 take da manufar rarraba aikin lafiya zuwa ƙananan ma'aikata.

Inda nake da ja shi ne yadda muke yin horon. Bitar kwana uku a otal, da alawus da takardar shaida, ba ta mayar da kowa mai gano farfaɗiya. Abin da ya yi aiki a binciken Kano horo ne mai tsawo, da jarrabawa, da wani na sama da ke duba aikinka yana gyara maka. Ya kamata wannan darasi ya shiga manhajar makarantun koyon aikin lafiya irin ta Jahun da ta Bebeji, ɗalibi ya fito da shi, maimakon a jira wata ƙungiya ta kawo kuɗin bita. Ƙwararren da ke Kano ko Asibitin Rasheed Shekoni na Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu kuma a ware masa lokaci a cikin aikinsa, a biya shi, don amsa wayar ma'aikatan ƙauye da kallon bidiyon da suka turo. A kuma daina ɗauke wanda aka horar a mayar da shi ofis bayan wata shida. Sannan a fifita mata a horon, don mace ce ke iya shiga cikin gida ta zauna a tabarma da uwar yaro, ta ce, "Yaya, faɗa mini yadda yake yi tun daga farko," ta ji abin da ba za a faɗa a zaure ba.

Masu cewa ƙauye ba zai iya ba su tuna da shan inna. Shekara da shekaru, duk yaron da bai kai 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, labarinsa na isa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a kai shi cikin ƙanƙara har ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Masu kawo rahoton sun haɗa da masu unguwanni da masu ɗori da masu maganin gargajiya da masu kemis. Da wannan tsari aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan aikin gano ciwon jijiya ne, a ƙauye, da hannun mutanen ƙauye. Mutanen na nan, sun san kowane gida. Malamin da ake kai wa yaro ruƙiyya ba abokin gaba ba ne, in an zauna da shi cikin girmamawa, zai iya yin addu'arsa ya kuma ce, "Alhaji, gobe ka kai shi asibiti a duba."

Sai an yi hattara da yarda, don mutanenmu na da dalilin ɗari-ɗari. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, aka ba kusan rabinsu maganin, abin da ya jawo shari'ar da sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha, kuma tabon na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda zai manna wa yaro wayoyi a kai ko ya ɗauki bidiyonsa ya tura wani wuri, wajibi ne ya yi wa iyaye bayani da Hausar da suke ji, ya faɗa musu wa zai gani, ya kuma dawo musu da sakamako.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ke bayan ganowa. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi farat ɗaya; in aka yi, jijjigar na iya dawowa ta ƙi tsayawa. Uwar da aka gaya wa ciwon ɗanta na da magani, ta ga wata uku bai faɗi ba, ta koma aka ce ya ƙare sai dai Kano, an jefa ɗanta cikin haɗarin da bai kasance a ciki ba, ita kuma ba za ta sake yarda ba. Haka hydroxyurea. A watan Mayun 2022 ƙasashen duniya, da Nijeriya a ciki, sun amince da shirin shekara goma mai burin ƙara yawan masu samun kulawar farfaɗiya da rabi kafin 2031. A gida kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, da niyyar a sami asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. Abin da kwamitin lafiya na kowace mazaɓa zai iya tambaya a zamansa na gaba a bayyane yake: shin akwai ma'aikaci ɗaya a asibitinmu da aka horar a kan jijjigar yara, akwai na'urar gwada sukari da tsinkenta, akwai diazepam na tsayar da jijjiga, akwai phenobarbital da carbamazepine da valproate da za su kai wata uku, kuma lambar wane likita ma'aikacin zai kira in abin ya fi ƙarfinsa da tsakar dare?